Mai Gadin da Ke Kallon Ƙafa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Funtua. Ba zan kama suna ba, danginsa suna raye. Maraya ne daga wani ƙauye bayan Danja. Ƙanwar ubansa ce ta goya shi, ta yaye shi, ta sayar da akuyarta ta sa shi boko. Gwaggo yake ce mata, amma uwa ce.

Da ya girma ya ce shi ba zai tsufa da fartanya a kafaɗa ba. Allah ya ba shi aikin gadi a wani babban kanti mai ƙofar gilas, irin wanda kake ɗibar kaya da hannunka ka je ka biya. Aikinsa tsayuwa a bakin ƙofa: ya duba rasit, ya leƙa jaka, ya ce a sauka lafiya. Halal tsantsa.

Amma duk sanda ƙofar nan ta buɗe, sai sanyi ya fito ya shafe shi, da ƙamshin sabulu da turare. Sai ya lumshe ido. Jiki na Funtua, rai ya yi nisa. Ya ga kansa da igiyar muƙami a kafaɗa, masu gadi suna ƙame masa. Ya ga Alhaji mai kanti ya riƙe hannunsa suna shawara. Wani lokaci kantin gaba ɗaya yakan tashi da shi a hankali, ya bi ta saman gonakin masara, mutanen ƙauyensu suna ɗaga kai suna nuna shi. Sai hon ɗin ɗan acaɓa ya dawo da shi ƙasa.

Wata rana ya kama ɓarawo na gaske. Alhaji ya dafa kafaɗarsa a gaban jama'a ya ce, "Wannan idonsa ba ya barci." Yabo zuma ne, kuma mutuminmu ya lasa. Ya yi ta jiran wani ɓarawon, shiru. To me ya yi? Sai ya fara ƙera nasa.

Ya samu 'yar kwalbar turare ta kanti ya ɓoye a hannun riga. In ya zura hannu cikin jakar mutum, sai ta sulale, ya fito da ita yana salati. Wa yake zaɓa? Ba ya kallon fuska, ƙafa yake kallo. Takalmi mai sheƙi, "Ranka ya daɗe." Silifa mai laka da faso a dunduniya, "Kawo jakar nan!" Shi da nasa fason bai gama warkewa a cikin takalmin aiki ba. Manomi ya rantse, ya yi kuka, a yi masa ihu a kore shi. Wa zai bi bayan baƙauye? Yabo ya ƙaru, mafarki ya ƙara daɗi.

Ranar da dubu ta cika, ƙarshen damina ne, masara ta nuna. Ya tafi sallar azahar, ya bar abokin aikinsa Kamalu a ƙofa. Wata tsohuwa ta zo tana neman mutuminmu. Kamalu ya ce, "Shiga ki sha sanyi, Baba, yanzu zai dawo." Da mutuminmu ya dawo, Kamalu ya wuce masallaci da sauri, ya manta bai faɗa masa ba.

Sanyi ya dami tsohuwa, ta fito don ta jira a waje. Mutuminmu ya ga silifa mai laka ta wuce. Ya fizgo jakar ta baya, ya zura hannu. Ya ji wani abu mai ɗumi, bai tsaya ba. Ya ɗaga kwalba sama.

"Ɓarauniya!"

Ta juyo. Gwaggo ce.

Jama'a suka taru, wayoyi suka tashi. Alhaji ya fito ya ce, "Baba, ke kika ɗauka?"

Ta dubi hannun rigar ɗanta, ta dubi fuskarsa. Ta ce, "Ku tambayi mai gadi. Shi ya gani."

Kun ga ƙofar da ta buɗe masa? Kalma ɗaya ta ishe shi. Ya kalli Alhaji, ya kalli wayoyi, ya tuna igiyar da bai samu ba. Ya ce, "A jakarta na samu."

Ba ta yi kuka ba. Ta kwance ƙunshi ta ajiye a gabansa, ta ce a hankali, "Dafaffiyar masarar gonar ubanka ce. Ci tun da ɗuminta." Ta tafi tasha, yara suna bin ta da ihu.

Kamalu ya dawo ya ji, ya dafe kai ya faɗa wa Alhaji ko wace ce. Aka duba kyamara, aka ga kwalba tana sulalowa, ba sau ɗaya ba. Aka tuɓe masa kayan aiki a bakin ƙofar nan. Amma hoton Gwaggo ya riga ta isa gida. Ta daina zuwa suna, ta daina zuwa biki. Da ya je neman gafara, ta bayan labule ta amsa: "Nawa na yafe, ɗana. Sauran masu silifa fa, ina za ka same su?" Masarar shekarar ba ta shiga rumbu ba aka binne Gwaggo.

Ni na gan shi da idona, wallahi ya ba ni tausayi. Yana bin kasuwanni, yau Danja, gobe Malumfashi, kai a sunkuye kamar mai tafiya cikin barci. In ya ga ƙafa mai faso sai ya durƙusa ya ce, "Don Allah, kai ne?" Ta yaya zai gane su? Bai taɓa kallon fuskar ko ɗaya ba.

Ya 'yan uwa, wanda ya yi laifi ya jefa shi kan mai gaskiya ya ɗauki kaya biyu. Haƙƙin Allah, tuba yana wanke shi. Haƙƙin mutum sai ka nemo mutumin. Kai mai gadi, kai mai awo, kai da aka ba ƙofa komai ƙanƙantarta: mutuncin mutane aka ba ka amana, ba kayan kanti kaɗai ba. Ɗaga kai ka dubi wanda ke gabanka. Kowace tsohuwa Gwaggon wani ce.

Allah ya kiyaye mu daga yabon da ake saye da hawayen bawansa. Allah ya sa mu biya haƙƙi tun muna gane masu shi. Amin.