Gurbin da Kurungu Ya Yi Shiru

Shekarar da aka fara tsotsar yashi da inji a bakin kogi, mutanen Tungar Maje suka buɗe gurbinsu, wurin zurfi na kogin, ranar kamun kifi, suka tarar babu kifi.

Gurbin nan a rufe yake shekara guda, ba mai jefa koma a ciki sai ranar da gari duka zai shiga. Barmo ne mai tsaronsa, kamar yadda ubansa ya yi. Da aka wuni ana jan taru ba a cika ƙwarya ba, sai idanu suka koma kansa. Wasu suka ce ya sayar wa baƙi a ɓoye, wasu suka ce magani aka zuba ya kau da kai. Sarkin Ruwa ya ce in ba a gano inda kifin ya shiga ba, tsaron zai bar gidansu har abada.

Gado, ƙanen Barmo, shi ya fara neman dalili. Ya tsoma filafili a ruwa, ya kara ƙotarsa a kunne, yadda tsofaffi kan saurari gurnanin kifin nan kurungu. Ya miƙa wa wansa, ya ce, "Yaya, karɓi ka ji. A sama kamar ba komai, a ƙasa kuwa kamar ana niƙa a cikin kanka." Dattawa suka saurara ɗaya bayan ɗaya. Babu gurnani, sai rugugin inji. Kifin da ke jin juna da jin maƙiyi ta cikin ruwa ba zai zauna a nan ba. Ba don Gado ba, da ba wanda ya yi tunanin ƙarar inji. Sai dai wata mai bandar kifi ta ce tun da damina ta gan shi da filafili a kunne, bai faɗa wa kowa ba. Kowa kuma ya san tun rasuwar ubansu yake son tsaron.

Mamuda mai jirgin inji ya ce ji ba gani ba ne, mai zargi zai ci gaba da zargi. Ya ɗebi dattawa ya haura da su nesa, inda filafili ba zai kai su ba. A bakin wani reshen kogi ya kashe inji, ya tura da gora. Ga giwan ruwa, ga kurungu, har macen ayun da ta saba zama a gurbi tana can da ɗanta. Ashe ba a sayar da komai ba. Amma dattawa sun lura bai yi lalube ba, kai tsaye ya nufi wurin. Duk hanya injin yashi yake zagi, bai ambaci nasa jirgin ba, wanda ke yanke hanya ta kan gurbin duk ranar kasuwa, Barmo yana hana shi.

Saura Sallau mai injin, ɗan gari, wanda ya bar kamun kifi ya koma yashi. Yana da izini daga birni, ba mai iya tilasta masa. Da kansa ya kashe injin, ya ce wa Sarkin Ruwa, "Ranka ya daɗe, ni ma kifin nan ne ya raine ni." Mamuda ma ya koma bin doguwar hanya. Da sabon ruwa ya zo, aka kara filafili a kunne, aka ji kurungu. Ba don Sallau ba, da kifin yana can har yau. Amma leburorinsa sun ce yashin wurin ya riga ya ƙare kafin ya kashe injin, kuma duk kogin babu farin yashi kamar na ƙasan gurbi.

Sarkin Ruwa ya mayar wa Barmo tsaronsa. Sannan ya ce, "Barmo, kunnenka ya yi nauyi. Zaɓi ɗaya cikin ukun nan ku yi tsaro tare, shi zai gaje ka."

Barmo ya dubi Gado, ya dubi Mamuda, ya dubi Sallau. Dukansu suka sunkuyar da kai iri ɗaya.

To, ku da kuka ji, wanne cikinsu za ku damƙa wa gurbin nan ku juya baya?