Baburin Yamusa Da Ba Ya Goyo

Akwai wani manomin doya da aka yi a Wuse, sunansa Yamusa. Kada 'yan wannan shafi su ɗauka Wusen yau nake nufi, mai kasuwa da cunkoson tasi. Wannan tun wajen 1974 ne, lokacin Wuse ƙauyen Gbagyi ne, bukkoki da rumbuna da gonaki. In ka ji an ce za a je Abuja a wancan zamanin, garin da yanzu ake kira Suleja ake nufi.

Yamusa yana neman wata budurwa mai suna Naomi, 'yar Baba Abraham, wanda ke zaune a wata tunga can hayin rafi. A al'adarsu, mai neman aure sai ya yi wa uban budurwa noma shekara bakwai kafin a ba shi. Yamusa ya yi shida, yana cikin ta bakwai. 'Yan watanni suka rage masa ya ajiye garma ya ɗauki amaryarsa.

A shekarar ce ya sayar da doyar bara da ta yi masa kyau, ya sayo babur Honda na hannu. Shi ne babur na farko a ƙauyen, don haka ya zama na kowa. Mai buhun dawa ya tare shi, mai akuya ya tare shi, tsohuwa mai ciwon ƙafa ta tare shi. Rannan wata mai tallan nono ta hau da ƙwaryarta, suka faɗa rami, nono ya wanke sirdin tas. Kwana uku babur yana tsami, ƙudaje na rakiyarsa duk inda ya nufa.

Ran Yamusa ya ɓaci. Ya ce shi bai sayi babur don ya zama jakin gari ba.

Sai ya tuƙa har garin Abuja, wurin wani bakanike mai walda, Maude. A bangon rumfar Maude akwai tsohuwar kalanda mai hoton baburin tsere na Turawa, gajeren baya, sirdi ɗaya tal. Yamusa ya ɗora yatsa a kai ya ce haka yake so a mayar masa da nasa.

Maude ya dube shi, ya dubi hoton, ya ce masa mai wancan babur a kan kwalta yake gudu, kuma ba shi da dangi a Wuse. Ya tuna masa damina ta kankama. Yamusa ya ce ba shawara ya zo nema ba.

To, Maude ya ɗauki zarto. Aka cire kariyar ɗaukar kaya. Aka datse dogon sirdin nan biyu, aka yar da rabin baya, aka lulluɓe na gaba da jar fata mai tuntaye. Aka guntule madigadi, wato ƙarfen da ke rufe tayar baya yana tare taɓo. Har wurin ɗora ƙafar fasinja sai da Yamusa ya sa aka kwance. A gurbinsu aka yi waldar wani ɗan farantin ƙarfe, aka jera masa fitilu biyar, ja da kore da rawaya, aka haɗa su da birki. Da ya taka, sai bayan babur ya kama walƙiya gaba ɗaya.

Gaskiya abin ya yi kyau, ba zan ɓoye muku ba. Yamusa ya shigo Wuse da rana tsaka yana taka birki ba dalili, don dai a ga wuta. Duk wanda ya ɗaga masa hannu, sai ya rage gudu, ya nuna baya da babban yatsa, ya ce, "Ka gani da idonka, ba wuri." Daɗin faɗin maganar nan yake ji har cikin ransa.

Har Naomi bai ƙyale ba. Ya same ta tana dawowa daga kasuwa da kaya niƙi-niƙi a kafaɗa, irin ɗaukar matan Gbagyi. Ya tsaya, ya taka birki ya kunna mata fitilun, ya tambaye ta ko sun burge ta. Ta ce sun yi kyau. Ta gyara kayanta ta ci gaba da tafiya, shi kuma ya wuce yana murna an yaba.

Bayan mako biyu, haƙori ya tasar wa Baba Abraham. Kumatunsa ya kumbura, ko kunu ba ya iya haɗiya. An gwada saiwoyi an gwada gishiri, abin sai gaba yake yi, motar haya kuwa sai ranar kasuwa take shigowa. Tsoho ya ce ai shi ba ya jiran mota, yana da suruki mai babur. Bai san an yi wa babur aski ba, don rabonsa da shiga Wuse tun farkon damina.

Da saƙo ya iso, Yamusa ya ga ba mafita. Kowa a duniya zai iya ce wa ba wuri, ban da mutumin da yake wa noma shekara bakwai. Ya ɗauko matashin kansa, ya ɗora a kan fitilun, ya ɗaure da robar taya, ya nufi tunga da sassafe.

Baba Abraham ya fito cikin farar rigarsa ta zuwa coci, ya ɗaure haɓa da ƙyalle. Ya zagaya babur sau ɗaya yana neman wurin zama, sannan ya hau matashin. Ƙafafunsa suna reto, ba wurin ɗorawa. Kuma kun san kunyar surukai: tsoho ba zai rungumi ƙugun mai neman 'yarsa ba, shi ma Yamusa ba zai juyo ya haɗa ido da shi ba. Sai Baba ya damƙi gefen matashi da hannu biyu, suka kama hanyar asibitin Abuja.

An kwana ana ruwa. Tayar da ba ta da marufi ta shiga aikinta, tana kwasar jan taɓo tana yarfa wa tsoho tun daga ƙugu har ƙeya. Duk ramin da Yamusa ya taka birki, fitilu biyar su kama a ƙarƙashin matashi, har wurin ya ɗau ɗumi. Can sai aka ji ƙwan fitila ɗaya ya fashe, sai na biyu. Baba yana ta mutsu-mutsu, ga haƙori ga mazauni, bai san da wanne zai ji ba.

Yamusa kuwa ladabi yake zubawa, idonsa a kan hanya. "Sannu Baba. Ya jiki, Baba?" Tsoho ya amsa da gurnani sau biyu, daga baya ma ya daina amsawa.

Wajen Dei-Dei akwai wani kwari mai ruwa, da hawa mai santsi a gabansa. Yamusa ya sa giya ya murɗa totur, babur ya yi tsalle. Baba Abraham ya sulale ta baya a hankali, ya zauna daram cikin taɓo, ƙafafu a sama. Ya buɗe baki zai yi kira, ƙarar salansa ta haɗiye muryar.

Za ku ce Yamusa bai ji babur ya yi sauƙi ba? Ya ji mana. Sai ya ɗauka inji ne ya yi zafi ya saki jiki. Ya ci gaba da tafiya yana gaida iska. Ya ba ta labarin yadda doyar bana za ta yi. Da suka zo daidai Dutsen Zuma har ya rage gudu don Baba ya more kallo. Shirun da ya ji kuwa, ya ce a ransa dattaku ne irin na manya.

A ƙofar asibiti ya tsaya, ya kashe babur, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, mun iso." Shiru. Ya sake faɗa. Wani ma'aikaci da ke tsaye a wurin ya tambaye shi da wa yake magana. Sai a lokacin Yamusa ya waiwaya, ya ga matashi shi kaɗai, ya yi jajir da taɓo.

Ya juya da gudu kamar zai tashi sama, yana leƙa kowane rami yana kiran Baba. A kwarin Dei-Dei ya tarar da shaidar zaman mutum a taɓo, da takalmi wari ɗaya. Tsoro ya kama shi sosai, har hawaye ya zubo masa.

Ashe wasu Fulani masu kora shanu ne suka tsinci tsoho, suka ɗora shi a kan takarkari suka mayar da shi gida. Yamusa ya iso tunga da la'asar, ya tarar da dattawa sun cika tsakar gida. Baba Abraham na zaune a kan turmi, riga ta zama ja, kumburi ya fara saɓewa. Faɗuwar da ya yi, haɓarsa ta bugi gwiwarsa, haƙorin ya fita da kansa. Ga shi nan a tafin hannunsa yana nuna wa mutane.

Yamusa ya zube ƙasa yana ba da haƙuri. Wani dattijo ya so ya sassauta, ya ce ai ko ba komai an samu biyan buƙata, tunda haƙori ya fita ba tare da allura ba. Aka yi dariya, ban da mai haƙorin.

Baba ya bari aka yi shiru, sannan ya ce, "Faɗuwa ba ta dame ni ba, Yamusa, kowa yana faɗuwa. Amma daga Dei-Dei har Abuja ba ka waiwayo ba ko sau ɗaya. Ni tsoho ne, Fulani sun tsince ni. In 'yata ce ta faɗi, wa zai tsince ta?"

Yamusa ya saci kallon Naomi ko za ta sa baki, sai ya ga ta mai da hankali kan tsintar wake.

Ba a fasa auren ba, amma an ƙara masa shekara guda ta noma. Shi kaɗai ne a ƙauyen ya yi takwas. Washegari ya koma wurin Maude, wanda ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya yi masa waldar sirdi mai tsawon da mutum uku za su zauna, da kariya, da madigadi, da danja ɗaya tak. Shekarar nan kaf, in ba ya gonar Baba, to yana kan hanya da buhun wani ko akuyar wani.

Ranar da aka ba shi Naomi, a bayan baburin ya ɗauke ta. Ba su yi nisa ba ya ji an mintsine shi a haƙarƙari. Ya tambaye ta lafiya, ta ce, "Ba komai, ina sanar da kai ne har yanzu ina nan." Haka ta riƙa yi masa a duk tafiyar da suka yi har suka tsufa, kuma bai taɓa yin ƙorafi ba.

Darasi: In Allah ya ba ka abin hawa, ko muƙami, ko wata dama, kada ka datse wurin zaman mutane don ka burge masu kallo. Wata rana wanda ba za ka iya ce wa ba wuri ba shi ne zai zo. Kuma in ka ɗauki wani, ka riƙa waiwaye, kada ka ɗauka shirunsa lafiya ce. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu sabon babur.