Ilu da Irin Ugu Uku

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta mu ƙaru.

Wani saurayi ne, Ilu, ya shekara tara a Kudu. Ran da ya dawo, sai ya tarar uwarsa ta rasu tun bara, gida ya zama kango. Kunya ta hana shi gaida kowa, tunda ba da shi aka yi jana'iza ba. Sai ya ja ƙyaure ya rufe.

A aljihunsa akwai irin ugu guda uku, wani ganyen miya na mutanen can. Ya ce, "In ɗaya ya kama, na zauna. In sun ƙi, in koma inda na fito."

Sai ya shuka na farko a bayan ɗaki, ya bar shi yana jan ciki a ƙasa kamar kabewa. Ugu ya ce, "Ilu, ni ba kabewa ba ne, hawa nake yi." Ƙasa ta yi zafi, sai ya ƙone.

Sai ya shuka na biyu a tsakar gida, ya kafa masa sanda. Ugu ya hau, ya hau, ya kai ƙarshen sanda, ya miƙa hannu, ba komai sai iska. Ya ce, "Ilu, wa zan kama?" Ilu ya ce, "Ni ma ban sani ba." Sai ugu ya langaɓe ya mutu.

Na uku ya tura shi gindin dangar da ta raba su da Goggo Tabawa, ƙawar uwarsa. Kullum ya ba shi ruwa, shi kaɗai, ba mai ce masa sannu. Ugu ya hau danga, ya ɓace. Ta wajen Ilu ba ganye ko ɗaya, sai siririn kara. Ilu ya ce, "Shi ke nan." Ya ɗaure jakarsa.

Da safe ya ɗora hannu a ƙyaure, sai ya ji murya ta bayan danga.

"Kai, mai gidan nan! Kabewar wa ce wannan marar kunya, ta cika mini gida ba sallama?"

"Tawa ce, Goggo. Ba kabewa ba ce."

"Ko ma mece ce, na tsinka na yi miya. Ɗan nema, wata uku ina jin tarinka, ka ƙi leƙowa! Miƙo hannu."

Sai ga kwano ta saman danga. Ilu ya gane shi, koren kwanon uwarsa ne mai ɓallin baki.

Goggo ta ce, "Ita ta bar mini. Ta ce in ka dawo, a ciki zan zuba maka."

Ilu ya zauna a kan jakarsa. Ya ci, yana kuka, ya suɗe.

Ya ce, "Goggo, gishiri ya yi yawa."

Ta ce, "Gobe ka zagayo ka zuba da kanka."

Sai ya kwance jaka.

Ƙurunƙus kan kusu. Abu mai yaɗo, yara, ba ruwa kaɗai yake so ba, sai ya sami abin kamawa.