Benen Dubai a Kan Rudun Albasa

Ya 'yan uwa, a gyara zama. Masu waya a kifa ta a cinya, ba inda za ta je.

An yi wani saurayi a Kambaza, nan ƙasar Gwandu. Ba zan faɗi ainihin sunansa ba, domin danginsa suna nan da ransu, wataƙila ma akwai ɗaya a sahun baya. Mu kira shi Muzzammil. Yaro ne kyakkyawa mai fara'a. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, yana durƙusa wa manya. Abu ɗaya ne ya shiga tsakaninsa da hankalinsa, ita ce waya.

Mahaifinsa, Malam Atiku, manomin albasa ne. Manoman albasa ba a rasa su a ƙasar nan, amma ta gidan Malam Atiku daban take. Ja ce, mai nauyi a hannu, mai jure ajiya. Kakan Muzzammil ne ya faro ta. Kowace shekara idan an cire albasa, sai a zauna a zaɓi manyan kawuna masu lafiya a ware su gefe. Waɗannan ba na kasuwa ba ne, ba na miya ba ne, su ne uwar iri. Ana ajiye su har damina ta wuce, a sake binne su a fadama, su yi fure, su ba da iri. Daga Ceberu har Dangoma mutane kan zo neman irin nan, Malam Atiku kuma bai taɓa hana kowa ba. Sai dai wanda ya fita yakan gauraye da na maƙwabta a gona. Tsantsar tana gida ɗaya.

Wurin ajiyarta shi ne rudu. Ga wanda bai sani ba, gado ne na itace da kara, an ɗaga shi daga ƙasa, an yi masa rufin ciyawa, iska tana shiga ta ko'ina tana fita. Albasa aba ce mai rai, tana son ta sha iska. Sai an riƙa leƙa ta, ana juyawa, ana cire wadda ta fara laushi kafin ta shafa wa sauran. Malam Atiku ya sha kiran ɗansa ya zo ya ga yadda ake yi. Muzzammil yakan zo ya tsuguna, ido na kan waya, baki na cewa, "To Baba, na gane Baba." Bai gane komai ba. A ganinsa duk abin da ɗan Adam yake son sani yana cikin waya, ranar da ya buƙata zai duba.

Abin da ya koya a wayar kuwa ya koye shi da kyau. Ya ga samari suna sa wandon da bai kai idon sawu ba, shi ma ya kai nasa wurin tela aka rage. Ya ga farin takalmi, ya yi oda. Farin takalmi, jama'a, a Kambaza, ga damina na tafe! Ya sayi baƙin tabarau wanda har sai da ya sa ya gaishe da turken akuya da yamma. Turare kuwa kwalba bayan kwalba. Kullum yana kan babur zuwa tashar Kalgo karɓo ƙunshin kaya. In riga ta zo ta yi masa kaɗan, sai ya haɗiye ciki ya sa ta a haka. Ya yi ado, ya kafa waya, ya taka a hankali, ya juyo, ya taɓa agogo. A can cikin wayar sunansa Muzzi Dubai. Shi da iyakar tafiyarsa Sakkwato, ita ma rakiyar mara lafiya ya yi.

Damuwarsa ɗaya ce. Duk inda ya tsaya ɗaukar bidiyo a gidan ubansa sai wani abu ya tona masa asiri. In ya kauce wa turmi ya faɗa kan katangar laka. In ya kauce wa katanga zakara ya yi cara. Wata rana wani ya rubuta a ƙarƙashin bidiyonsa, "Muzzi, ashe Dubai ma akwai jaki?" Wallahi ranar ko tuwo bai iya ci ba. Daga nan ya fara jin kunyar gidan da aka haife shi, gidan da albasarsa ce ta sayi wayar da ke hannunsa.

A shekarar nan sai cuta ta kama furen albasa a fadama, Malam Atiku bai samu iri ba ko na cikin cokali. Ya ba masu zuwa haƙuri, ya ce su dawo baɗi, uwar iri tana nan lafiya a rudu. Ku riƙe wannan: abin da ya rage na albasar gidan nan a duniya duka, shi ne abin da ke kan gadon karan nan.

A shekarar kuma Allah ya kira Malam Atiku aikin Hajji. Ana gobe tafiya ya kama hannun ɗansa ya kai shi gaban rudu.

"Muzzammilu, ga amana. Gona akwai mai dubawa, bisashe akwai mai kiwo. Wagga albasa kai nib bar wa. Ka bar ta ta sha iska, ka dinga juya ta. In ta mutu, irin kakanka ya mutu."

"Haba Baba, tahi da hankalinka kwance. Addu'a kawai za ka yi muna."

Ƙurar motar alhazai ba ta gama kwantawa ba Muzzammil ya hau babur sai Kalgo. Yana da aboki a can, Abdulhakeem, mai shagon buga manyan hotuna a kan leda mai kauri, irin wadda ake kafawa a wurin biki. Ya sa aka buga masa benaye masu tsawo, da teku, da fitilu, da wata jar mota a gefe. Ya naɗo abarsa ya ɗaure a bayan babur, yana tafe yana murmushi shi kaɗai.

To, a ina za a rataya Dubai? Ya zaga gidan kaf, bai ga abin da ya yi daidai tsawo da faɗi kamar rudu ba. Ga shi a bayan gida, ga haske mai kyau, ba mai wucewa. Ya rufe gabansa da hoton. Da ya gwada ɗauka sai ya ga kara yana leƙowa ta gefe, ya ja ledar ya zagaye gefen. Sai ya ga rana tana ratsowa ta baya tana dusashe benayen, ya samo baƙar leda ya toshe bayan. Sai kuma kaji suka riƙa fitowa daga ƙarƙashin Dubai, uwa da 'ya'yanta, a tsakiyar ɗauka. Ya ja ledar har ƙasa ya danne da duwatsu. Ko ƙofar da sauro zai bi bai bari ba.

Zuciyarsa ta ɗan yi masa magana, sai ya tambayi waya. Ya samu bidiyon wani Bature a wata ƙasa mai sanyi yana naɗe kayan lambu a leda. Bai kalla har ƙarshe ba, bai ga cewa ɗakin sanyi ake kai su ba. Ya ga leda, ya ga Bature, hujja ta cika.

Mahaifiyarsa, Inna Rahama, ta zagayo ɗebo itace ta tsaya ta riƙe haɓa.

"Muzzammilu, mi kay yi haka? Albasa ba ta son wagga riga."

"Inna, zamani ya canza. Haka Turawa ka yi, na gani da idona. Ruwa ma ba shi taɓa ta."

"Turawan sun san zahin Kambaza?"

Ya yi dariya, ya ce ta bar masa komai. Ita kuma da ta ji an ce an gani a waya, sai ta ɗauka wani ilimi ne da bai iso gare ta ba.

Kai, abin ya karɓu! Masu bibiyarsa suka yi ta ƙaruwa. 'Yan mata suna tambayar yaushe zai dawo Najeriya. Samari suna tambayar inda ya sayi takalmi. Wani ma ya roƙe shi ya nema masa aiki a can. Muzzammil ya kwanta da waya, ya tashi da waya, sallar asuba sai rana ta fito. A bayan benayen kuma ruwan farko ya sauka, rana ta buɗe, zafi da laima suka haɗu a cikin leda, albasa ta fara gumi.

Da farko ɗan wari ne kaɗan, sai iska ta kaɗa ake ji. Sai ƙudaje suka fara zuwa Dubai. Ya 'yan uwa, a nan ne laifin ya zama laifi. Jahilci ne ya sa ya rufe rudu, amma ranar da hancinsa ya gaya masa gaskiya, ya sani. Da ya yaye ledar a ranar, da an tsira da rabi, da an tsira ko da kwando ɗaya, kwando ɗaya kuma ya isa ya raya iri. Me ya hana shi? Tsoro ne da son a gani. In ya buɗe zai ga abin da ba ya so, Dubai kuma za ta faɗi. Sai ya ce gobe. Ya ɗauko turarensa ya feshe ledar sama da ƙasa, ya gode wa Allah da waya ba ta ɗaukar wari. Gobe ta zo, ya ƙara turare.

Ranar da Alhaji Atiku ya dawo, gida ya cika tun da hantsi. Manoma daga Ceberu da Dangoma sun zo sannu da zuwa, ana rabon dabino da zamzam. Muzzammil ya ci ado tun daga tabarau har farin takalmi. Dabara ta faɗo masa: zai kawo mahaifinsa gaban benayen, cikin farar rigar Makka, a nuna wa duniya kai tsaye. Ya kafa waya a kan sanda, ya kunna, ya je ya jawo tsoho, baƙi suka biyo baya suna raha.

Alhaji yana zagayowa bayan gida ya tsaya cik. Hancin manomin albasa ba ya buƙatar a yi masa bayani.

"Ina ruduna?"

"Baba, tsaya nan tukun, mutane na kallo..."

Alhaji ya matsa gaban ledar. Ya sa hannu ya ja. Igiya ta tsinke, benaye da teku da jar mota suka zubo ƙasa. Wari ya taso ya buge jama'a, masu rawani suka toshe hanci da rawani, marasa rawani suka cire hula. Baƙin ruwa yana ɗiga daga gadon kara, ya gangaro ya sami farin takalmi. Wayar kuwa tana kan sandarta, tana aikin da aka sa ta.

Tsohon nan bai yi faɗa ba. Ya naɗe hannun rigar Makka, ya cusa hannu cikin ruɓaɓɓiyar albasa, yana tonawa yana matsawa, yana neman kai ɗaya mai tauri. Ya tona wannan gefe, ya koma wancan. Baƙi suka daina dariya. Bai samu ko ɗaya ba. Ya miƙe, ya dubi ɗansa.

"Gaban Ka'aba ba abin da ban roƙa ba, Muzzammilu. Na roƙa ma lahiya, na roƙa ma mata ta gari. Albasa ɗai ban roƙa wa ba, don na san hannun ɗana nib bar ta."

Sunan da Muzzammil yake nema ya same shi a ranar. Duk bidiyon da ya taɓa yi babu wanda ya yi tafiyar wannan. Masu kiransa Muzzi Dubai suka koma Muzzi Albasa. Waɗanda suke tambayar yaushe zai dawo Najeriya suka yi masa barka da sauka. Ko tashar Kalgo ya daina zuwa, domin 'yan babur suna hango shi suke toshe hanci.

Amma ba wannan ne ya karya shi ba. Shekara ta zagayo, lokacin rabon iri ya yi. Waɗanda ba su ji labari ba suka zo cika alkawarin baɗi. Wani dattijo daga wani ƙauye can gaba da Dangoma ya yi sallama da 'yar jakarsa a hannu, ya ce tun zamanin kakan gidan yake karɓa. Alhaji yana zaune a zaure bai motsa ba. Ya ce, "Muzzammilu, hita ka gaya mai." Yaron ya fita, ya durƙusa gaban dattijon. Da ƙyar ya ce, "Baba, babu. Ba za a ƙara samu ba." Dattijon ya ninke jakarsa ya sa a aljihu, ya juya. Muzzammil ya daɗe a durƙushe yana kuka, ba waya a hannunsa.

Ya 'yan uwa, ban ce waya haramun ce ba. Ga tawa nan a aljihu, ɗazu ma ta kusa ba ni kunya a cikin salla. Ban ce kada saurayi ya yi ado ba, Allah yana son tsafta da kyau. Abin da nake cewa shi ne, riya tana sa mutum ya ji kunyar abin da ke ciyar da shi. Tana sa ya rufe amana don baƙon da bai san shi ba ya yaba. Ilimin da ke bakin mahaifinka, in ka ce sai ka buƙata za ka duba a waya, ranar buƙata rabin bidiyo za ka samu.

Kowannenmu yana da rudu. Na wani sallarsa ce, na wani karatunsa, na wata tarbiyyar 'ya'yanta. Me ka rufe da leda don hoto ya yi kyau? Tun yaushe ka fara jin wari kana fesa turare? Ka koma gida yau ka yaye, tun akwai sauran kwando ɗaya.

Allah ya tsare mu daga riya da cin amana. Allah ya shirya mana samarinmu da 'yan matanmu, ya sa su ji maganar iyaye tun iyayen suna raye. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye abin da aka bari a hannunmu. Amin.