Dabbar Da Ba Ta Taɓa Yawo Ba

Akwai wani magidanci a unguwar Misfala ta birnin Makka, sunansa Sa'ud. A nan aka haife shi, Larabci a bakinsa kamar ruwa, Hausa kuwa sai da lalube. Mahaifiyarsa, Hajiya Maryama, ta baro ƙauyensu a ƙasar Maraɗi tun tana amarya, ba ta sake komawa ba.

A saman benensu, wani dattijo mai suna Baba Tsoho ya daɗe yana shanya kilishi. Hajiya ce ta ba shi wurin. Mutum ne mai taurin kai a kan sana'arsa, ko kyauta ka ba shi naman firji ba ya karɓa. Sai ya hau mota har duwatsun hanyar Ɗa'ifa, wurin makiyayan da ke sakin tumakinsu su yini a cikin itatuwan ƙaya suna tsintar 'ya'yan da suka faɗo.

Da Sa'ud ya samu buɗi ya gyara gida, sai ƙamshin yajin da ya tashi a cikinsa ya koma ba shi kunya gaban abokai.

Ya hau sama ya ce wa dattijon, "Ya ammi, halas, ya isa haka, Baba. Kwashe asabarinka. Nan Makka ce, ba ƙauye ba."

Dattijon ya naɗe kayansa. Ya koma unguwar Ka'akiyya.

Ana nan Hajiya ta kwanta ciwo, ta daina cin abinci. Likita ya ce muddin ba ta ci ba, magani ba zai kama jikinta ba. Aka yi lallashi har aka gaji. Ran nan da hantsi ta ce kilishi take marmari.

Sa'ud ya ruga kanti mafi tsada ya sayo. Ta tauna sau ɗaya, ta fitar.

"Wannan dabbar ba ta taɓa yawo ba," in ji ta.

Sai ta kama ba shi labarin dajin gawo da ke bayan ƙauyensu. Yadda da rani mahaifinta ke kaɗo 'ya'yan gawo da doguwar gora, tumaki na rububi, ita tana bin su ba takalmi. Ta ce naman dabbar da ta ci daji, dajin kake ji a bakinka. Tana faɗa tana hawaye. Sa'ud bai taɓa ganin gawo ba, amma ranar ya ji kewarsa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya kama hanyar Ka'akiyya, ya tarar da Baba Tsoho yana shanya a wani lungu da rana ke leƙawa da ƙyar.

"Baba, ummi ba ta da lafiya. Na yi maka laifi, ka yafe mini."

Dattijon ya shiga ɗaki ya fito da ƙunshi. "Duk shanyar da na yi, sai na cire wa Hajiya nata. Na sha kawowa ƙofarku, mai gadi ya ce ka hana a bar ni in shiga."

Sa'ud ya rasa inda zai sa fuskarsa. Abin da ya yi ta nema da kuɗi, ashe shi ya yi ta korar sa daga bakin ƙofa.

Hajiya ta sa kilishin a baki, ta lumshe ido. Can ta ce, "Yauwa. Wannan ta yi yawo." Ta cinye, ta nemi kunu.

Washegari Sa'ud ya dawo da Baba Tsoho, da kansa ya ɗauki asabarin a ka, ya hau da shi saman bene, maƙwabta suna kallo. Hajiya ta ƙara shekara guda a duniya, kuma har ta koma ga Allah ƙamshin garinsu bai bar gidan ba.

Darasi: Kada ɗaukaka ta sa ka ji kunyar tushenka, ko ka wulaƙanta wanda ya riƙe maka shi. Wanda ka kora yau, wataƙila a hannunsa maganin gidanka yake. Ka tura wa wani ɗan'uwa da ke nesa da gida, ko ya tuna.