Aska a Maƙogwaron Sarki

A zamanin da, a wata ƙasa mai doguwar ganuwa, an yi wani sarki, Jatau, wanda zargi ya hana shi sakat. Ko tari aka yi a fada sai ya ce da shi ake. Wazirinsa Barmo, wanda ya san inda ke yi wa ubangidansa ƙaiƙayi, ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamaninka, namiji yakan ɓoye wa matarsa magana, amma ba ya ɓoye wa wanzaminsa. A kafa doka: duk abin da aka faɗa a ƙarƙashin aska, a kawo mini kafin faɗuwar rana. Wanzamin da ya ɓoye, a datse hannunsa."

Sarki ya ce haka za a yi, aka sanar da wanzamai a asirce. Wanzami kuwa tun kaka da kakanni rumbun asiri ne, shi ya yi maka kaciya, shi zai cire wa ɗanka belu, wa zai yi zaton bakinsa na yoyo? Mutane suka ci gaba da sakin baki, hauni ya ci gaba da sare kawuna a bakin kasuwa, har ungulaye suka daina zuwa mahauta.

Sarkin Aska Nomau, mai yi wa sarki aski, shi ma tsoro ya ci shi. Amininsa Cindo marini, yana ƙarƙashin askarsa, ya ce masa, "Sarkin da ke tsoron inuwarsa, ina zai tare mana mahara?" Nomau ya dubi hannunsa, ya kai maganar. Washegari ya ga kan Cindo a kan mashi, da askin da ya yi masa fes. Tun ran nan bai ƙara jin daɗin abinci ba.

Ana nan, ran wata Alhamis, sarki ya ji sanyin ruwa a ka, shi ma bakinsa ya saku kamar na kowa. Ya ce, "Nomau, Barmo ya yi ƙiba da yawa. Bayan salla zan tuɓe shi."

Doka doka ce. Nomau ya kai wa waziri. Barmo ya yi murmushi ya ce, "In ka koma askin gaba, ka kai maƙogwaro, ka danna. In ka ƙi, hauni zai share gidanka har jariri."

Ranar ta zo. Nomau ya wasa aska, ya karkata kan sarki, ya ɗora kaifin a maƙogwaro har jini ya tsatso. Ya ce, "Kada ka motsa, ranka ya daɗe. Waziri ya ce in yanka ka, don ya ji za ka tuɓe shi."

Sarki ya ce da ƙyar, "Wa ya gaya masa?"

"Ni."

"Maganata? A cikin turakata?"

"Dokarka ba ta ce ban da sarki ba. Cindo ma a zaurensa ya yi tasa."

Ya janye askar, ya ajiye a ƙasa, ya miƙa wuya. Sarki ya shafa maƙogwaronsa, ya daɗe yana kallon jinin a tafinsa. Sannan ya daka wa dogarai tsawa. Aka jawo Barmo a ƙasa, rawani na warwarewa, aka yanke masa kunnuwa biyu a ƙofar fada, hauni ya gama sauran a inda Cindo ya faɗi. Sanƙira ya zaga gari yana shela cewa doka ta mutu, abin da aka faɗa wa wanzami ya zama amana kamar da.

Sarki ya yafe wa Nomau, ya ce ya ɗauki askarsa. Mutane suka ci gaba da zuwa aski, gari ya zauna lafiya. Sai dai har Nomau ya tsufa ya mutu, duk wanda ya zauna gabansa yakan gaishe shi, ya sunkuyar da kai, ya yi gum har a gama.