Mahaucin da Ya Kasa Riƙe Wuƙa

Akwai wani mahauci a Zangon Sokodé ta ƙasar Togo, a zamanin mulkin Faransa, ana ce masa Ɗantani. Hannunsa na da albarka, amma bakinsa sai a hankali. Yakan bugi ƙirji ya ce shi kam, tunda uwarsa ta haife shi, bai taɓa sa hannu a ƙwaryar wanda ba ya salla ba.

Wata shekara ya bi fatake zuwa Dapaong sayen shanu. Saura kaɗan su shiga gari zazzaɓi ya kayar da shi, wuya ya ƙage. Abokan tafiya suka ce sanƙarau ne, kuma idan Turawa suka ji, za a tsare ayarin duka. Sai suka kwantar da shi a gindin kuka da gorar ruwa, suka ƙara gaba. Kai, mutum!

Jama'a na wucewa suna toshe hanci, har wani kafinta Kirista ɗan ƙabilar Moba, Matiyas Lamboni, ya taho da katako a ka. Ya jefar da katakon, ya goya Ɗantani sai gida. Matarsa Tereza ta ce ya tuna fa suna da 'ya'ya. Ya ce gaskiya ne, ya share rumfar aikinsa ya kwantar da baƙon a can.

Kwana biyar zazzaɓin ya sauka, ashe ba sanƙarau ba ne. Amma Ɗantani ya zama ƙashi da rai, ko kunu ba ya zama a cikinsa. Tereza ta ce in bai sha romo ba, ba zai kai mako ba. Ta dafa kaza ta kawo, ƙamshi har waje.

Ɗantani ya juya fuska ga bango. Ya ce ba yankan Musulmi ba ne, ba zai ci ba.

Ku dubi ikon Allah, mutum na bakin kabari! Tereza ta tafa hannu ta fice, ranta a ɓace. Ɗantani ya runtse ido yana jiran kora, don ya san da shi ne, da tuni ya yi waje da tabarmar baƙo.

Can sai ga Matiyas da zabuwa a hammata, ita kaɗai ta rage musu, da wuƙa a hannu.

"Ka ce kai mahauci ne. To, tashi ka yanka mana."

Ɗantani ya karɓi wuƙa, ta suɓuce ta faɗi. Matiyas ya ɗauka ya damƙa masa, ya tambaye shi ina ake fuskanta. Da ya ji amsa, ya juya zabuwar gabas, ya danne ta da gwiwa, ya tallafe hannun mahaucin da hannu biyu. Ɗantani ya yi bisimilla ya yanka, hawaye na zuba. Da Tereza ta dafa ta kawo romon, ya dubi Matiyas.

"Me na yi maka da kake mini haka? Ko sunana ba ka sani ba sanda ka ɗauke ni."

"Yesu ya koya mana mu ƙaunaci maƙwabci kamar kanmu. Bai ce sai wanda muka sani ba. Sha romonka."

Ya sha, ya suɗe ƙwarya, har Tereza ta yi dariya ta ƙara masa.

Bayan wata guda ya sauka daga mota a Sokodé. Ashe fatake sun kawo labarin ya rasu, matarsa Shetu har ta shiga takaba. Zango ya ɗauka, guɗa ta ko'ina! Shetu na kuka tana dariya, ta tambaye shi wa ya yi jinyarsa.

Ya ce, "Maƙwabcina."

Ta ce wane maƙwabci gare shi a Dapaong? Ya ce shi ma bai san yana da shi ba sai da ciwo ya kayar da shi.

Darasi: Maƙwabcinka shi ne duk wanda ka tarar cikin wahala, ko baƙo ne, ko addininku ba ɗaya ba. Ka ji ƙansa, ka kuma mutunta abin da yake girmamawa. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani na bukatar jin wannan yau.